Vahid Halilhodzic: ya kai ƙasashe huɗu Kofin Duniya, ɗaya ce kawai ta bar shi ya je

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu kan kocin nan ɗan Bosniya da Maroko ta sallama ana saura wata uku a fara Kofin Duniya na Katar. Wasunmu sun ce zaluntarsa aka yi, shi ya yi noma wani ya zo ya girbe. Wasu kuma sun ce masifaffen tsoho ne kawai, korarsa ce ma ta buɗe wa Maroko hanya. Wai shin ya taɓa buga ƙwallo kuwa? Kuma me ya sa duk inda ya je sai an kore shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaida mini 'yan majalisa, ka kuma ce musu kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma da labarin Maroko kaɗai ba za a yanke wa mutumin nan hukunci ba. Sau uku aka kore shi bayan ya samo tikitin Kofin Duniya, kuma korar uku ba iri ɗaya ba ce. Ta Kodebuwa zalunci ce tsagwaronta. Ta Japan akwai laifinsa akwai nasu. Ta Maroko kuwa, a ganina, shi ya fi kowa kaso a ciki.

Mu fara da sunan, tunda shi ke karya harshen masu sharhi a rediyo. Vahid shi ne Wahidu. Halilhodzic kuma kalmomi ne aka harhaɗa: Halil, wato Halilu, hoja, wato malami ko liman a bakin Turkawa da Musulmin Bosniya, sai ƙarshen da ke nufin ɗa ko jika. Da Bahaushe ne da sai mu ce Wahidu na gidan Malam Halilu. An haife shi a 1952 a Jablanica, wani ƙaramin gari a bakin kogin Neretva, lokacin Bosniya tana cikin tarayyar Yugoslabiya.

Ƙwallo kam ya buga, kuma ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ɗan gaba ne, mai lamba tara na gargajiya, dogo, mai ƙarfin kai, wanda ba ya wasa da dama a cikin da'ira. Shekara goma ya yi a Velez ta birnin Mostar, daga 1971 zuwa 1981, ƙungiyar da yayansa Salem ya riga shi buga wa wasa. A Yugoslabiya ta wancan zamani manyan ƙungiyoyi huɗu ne ke rabon kofuna a tsakaninsu: Red Star da Partizan na Belgrade, Dinamo ta Zagreb, sai Hajduk ta Split. Velez ƙungiyar ƙaramin birni ce da ke shiga tsakaninsu tana hana su barci. Ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 1973 da 1974, tana taƙama da Dusan Bajevic da gola Enver Maric da Franjo Vladic. A inuwar waɗannan Vahid ya girma, har ya gaje su. A 1981 Velez ta ɗauki babban kofinta na farko a tarihi, Kofin Yugoslabiya, bayan ta doke Zeljeznicar ta Sarajevo da ci 3 da 2, kuma biyu daga cikin ukun shi ya zura.

Kafin nan, a 1978, Yugoslabiya ta lashe gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 21, shi aka zaɓa gwarzon gasar. A karo na biyu na wasan ƙarshe da Jamus ta Gabas, wanda aka yi a gida Mostar aka tashi 4 da 4, ƙwallo uku ya ci.

Za ka ce to me ya hana shi zuwa Turai ta yamma da wuri? Doka ce. Hukumar ƙwallon Yugoslabiya ba ta barin ɗan wasa ya fita waje sai ya kai shekara 28. Saboda haka sai a 1981 ya isa Nantes ta Faransa, a shekarun da 'yan wasan yanzu suka riga suka canza ƙungiya uku. Kakarsa ta farko bai taɓuka abin kirki ba. A ta biyu, 1982/83, ƙarƙashin koci Jean-Claude Suaudeau, ya ci ƙwallo 27, ya fi kowa a gasar, Nantes ta zama zakaran Faransa. A 1984/85 ya sake fin kowa da ƙwallo 28. Ya rufe da kaka ɗaya a Paris Saint-Germain tare da ɗan ƙasarsu Safet Susic, ya ajiye takalmi a 1987. Susic ɗin nan shi ne kocin Bosniya da Najeriya ta doke 1 da nema a Brazil a 2014, ranar da Odemwingie ya ci kuma aka soke ƙwallon Dzeko bisa satar gidan da bai yi ba.

Inda ya ji ciwo shi ne tawagar ƙasa. Mutumin da ke cin ƙwallo haka, wasa 15 kawai ya buga wa Yugoslabiya, ya ci 8. A Kofin Duniya na 1982 a Sifaniya koci Miljan Miljanic ya ajiye shi a benci, sau biyu kacal aka sako shi, a wasan Sifaniya da na Honduras, kuma tun a rukuni aka yi waje da su. Daga baya ya taɓa cewa cikin gatse wai ƙila sunansa ne ya yi wa allon filin wasan Belgrade tsawo. Mai hankali ya san inda maganar ta dosa. Ka riƙe wannan, domin mutumin da aka hana shi Kofin Duniya yana ɗan wasa, shi ne za a sake hanawa sau uku yana koci.

Sai yaƙi. Bayan ya yi ritaya ya koma Mostar da abin da ya tara a Faransa, ya gina gida, ya kafa harkoki, yana kuma riƙe da muƙami a shugabancin Velez. A 1992 Bosniya ta kama da wuta. Ya ji rauni a wannan shekarar, aka wawushe gidansa aka ƙona, ya bar garin a 1993 hannu rabbana. A Nuwamban shekarar aka rusa tsohuwar gadar Mostar da ta tsaya tun zamanin Daular Usmaniyya, kuma ita kanta Velez aka raba ta da filin wasanta na Bijeli Brijeg. Ba na son a mayar da kowane hali na mutum zuwa ga musiba ɗaya, amma wanda ya ga samu ya ga rashi irin wannan yana ɗan shekara arba'in, da wuya ya iya jure wa matashin da ke karɓar miliyoyi yana makara zuwa atisaye. Duk faɗan da ya yi da taurari daga baya, ƙamshin wannan yana ciki.

Aikin koci ya faro shi a Beauvais, ƙaramar ƙungiya a rukuni na biyu na Faransa, daga 1993 zuwa 1994, sannan ya yi shekaru yana zaman jiran aiki. Wanda ya buɗe masa ƙofa kuwa, abin da 'yan majalisarku ƙila ba su sani ba, Maroko ce. Raja ta Kasablanka ta ɗauke shi a 1997, shekarar da hukumar ƙwallon Afirka ta sake wa gasar zakarun ƙungiyoyi fasali ta sa mata wasannin rukuni. A wasan ƙarshe Raja ta haɗu da Goldfields ta Obuasi a Gana. Kowa ya ci gidansa 1 da nema, Raja ta ɗauki kofi a bugun fenareti. Ta ƙara da gasar Maroko a 1998. Wato a Afirka sunansa ya fara fita a matsayin koci, kuma a ƙasar da za ta kore shi bayan shekara 24.

Idan kana son ka ga Vahid tsantsa, ba gauraye, ka dubi Lille. Ya same ta a 1998 tana can ƙasan teburin rukuni na biyu. A 2000 ta lashe rukunin da tazara mai yawa. A 2001, kakarta ta farko da dawowa, ta daɗe a saman tebur kafin ta ƙare ta uku a bayan Nantes da Lyon. Ta je Italiya ta doke Parma 2 da nema a wasan share fage, ta shiga Gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta, inda ta riƙe Manchester United 1 da 1 a Faransa bayan da Beckham ya ƙwace wasan Old Trafford a mintin ƙarshe. Ba tauraro ko ɗaya a ƙungiyar nan. Yara ne da ba wanda ya sani, irin su Pascal Cygan da Bruno Cheyrou, waɗanda daga baya Arsenal da Liverpool suka saya. Abin da ya ba su shi ne gudu, tsari, tsaron baya mai kama da katangar birni, da saurin juyawa idan an ƙwace ƙwallo. Ya kuma ba su tsoro. Har shirin barkwanci na 'yar tsana a talabijin ɗin Faransa ya yi masa mutum-mutumi yana daka wa 'yan wasa tsawa da gurguwar Faransancinsa. A Rennes, wadda ya ceto daga faɗuwa a 2003, jaridu sun yi ta yayata yadda ya sallami 'yan wasa biyu daga otel saboda ya kama su suna wasan PlayStation cikin dare ana gobe wasa.

A nan ne sirrin yake. Salon Vahid yana aiki ne a kan mutanen da ke jin yunwa, waɗanda ba su da abin da za su rasa sai damar da ya ba su. Yaron da ke rukuni na biyu idan ka ce ya yi gudu har ya yi amai zai yi, tunda ya ga inda gudun ke kai shi. Amma wanda ya riga ya yi suna, yana da wakili, yana da lambar shugaban hukuma a wayarsa, ba ya ɗaukar wannan na dogon lokaci. Paris Saint-Germain ta nuna haka. Ya zo a 2003 daidai lokacin da Ronaldinho ke tafiya Barcelona. A kakar farko ya zo na biyu a bayan Lyon, ya ɗauki Kofin Faransa da ƙwallon Pauleta a ragar Chateauroux. A ta biyu ɗakin sauya kaya ya dagule, ya yi ta neman wanda ke kai wa 'yan jarida gulma, aka ƙare na ƙarshe a rukunin Gasar Zakarun Turai, aka sallame shi a Fabrairun 2005. Trabzonspor ta Turkiyya da Ittihad ta Jidda da suka biyo baya ba su da wani dogon labari.

To mu zo kan kora ta farko. A 2008 aka ba shi Kodebuwa, da Drogba da Yaya da Kolo Toure da Kalou da Eboue da Zokora, tawagar da a takarda babu kamarta a Afirka. Ya bi wasannin share fage ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya samo tikitin Afirka ta Kudu. A Janairun 2010 aka je Angola Kofin Afirka, kuma rukuninsu ne aka ajiye a Kabinda, inda 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagar Togo wuta har Togo ta janye. A cikin wannan zaman ɗar-ɗar suka doke Gana 3 da 1, suka haɗu da Aljeriya a zagayen 'yan takwas. A minti na 89 Kader Keita ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa, Kodebuwa na gaba 2 da 1, kowa ya ɗauka an gama. Madjid Bougherra ya farke da ka a mintunan ƙari, Bouazza ya ƙara ta uku a farkon ƙarin lokaci, aka kuma soke ƙwallon da Kolo Toure ya ci a ƙarshe wadda maimaici ya nuna halal ce. Wannan ita ce kaɗai rashin nasararsa a wasan gasa da Kodebuwa. A ƙarshen Fabrairu aka kore shi, ya kuma ce ta na'urar fakis takardar ta iso masa.

Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin a watan nan ɗaya muka yi wa marigayi Shuaibu Amodu irinta. Shi ma ya samo tikitin Afirka ta Kudu, ya ma zo na uku a Angola, aka ture shi gefe, kuma karo na biyu ke nan, tunda haka aka yi masa a 2002 bayan gasar Mali. Kodebuwa ta ɗauko ɗan Suwidin, Sven-Goran Eriksson. Najeriya ta ɗauko ɗan Suwidin, Lars Lagerback. Dukansu biyun a rukuni aka koro su. Haka Togo ta yi wa marigayi Keshi a 2006. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wannan ciwon hukumomin ƙwallonmu ne, ba halin Vahid ba. A lokacin ana yin Kofin Afirka a shekarar Kofin Duniya, wata biyar tsakani, sai shugabanni su firgita da sakamakon Janairu su nemo baƙo mai suna wanda bai san 'yan wasan ba.

Bayan ɗan zama a Dinamo Zagreb, wanda ya ƙare da cacar baki da mai faɗa a ji na ƙungiyar, Zdravko Mamic, sai ƙasar da ta jawo aka kore shi ta neme shi. A Yunin 2011 Maroko ta lallasa Aljeriya 4 da nema a Marrakesh, kocinsu ya ajiye aiki, shugaban hukuma Mohamed Raouraoua ya kira Vahid. A nan nake so 'yan majalisa su tsaya, domin nan ne kaɗai aka bar shi ya gama abin da ya fara.

Tawagar da ya tarar ta tsufa, kuma ba ta iya cin ƙwallo. A Kofin Duniya na 2010 ko ɗaya ba ta zura ba. Ya ajiye manya irin su Karim Ziani, jaridu suka yi masa ca. Ya ɗauko Islam Slimani da Hilal Soudani waɗanda suka taso a gasar cikin gida, ya jawo Sofiane Feghouli da Yacine Brahimi da Faouzi Ghoulam da Saphir Taider daga cikin 'ya'yan Aljeriya haihuwar Faransa, daga baya Nabil Bentaleb da Riyad Mahrez, wanda a lokacin Leicester ɗinsa ba ta ma fara buga Firimiya ba. A Kofin Afirka na 2013, wanda Keshi ya ɗauko wa Najeriya, Aljeriya ta sha kashi a hannun Tunisiya da Togo, ta dawo gida da maki ɗaya. Da Abidjan ne da an aiko fakis. Raouraoua ya toshe kunne ya bar shi. A karon ƙarshe na neman tikitin Kofin Duniya na Brazil, a Oktoba suka sha kashi 3 da 2 a Wagadugu, a Nuwamba suka doke Burkina Faso 1 da nema a Blida, suka wuce da ƙwallon waje. Wanda ya ci musu kuwa Bougherra ne, mutumin da kansa ya jawo wa Vahid kora a Kabinda.

A Brazil ya fara da kuskure. Da Beljiyam ya ja kowa baya bayan fenaretin Feghouli, suka zauna kan ƙwallo ɗaya har Fellaini da Mertens suka juya wasan. Abin da ya burge ni shi ne ya gane. Ya sauya mutum biyar a wasan Koriya ta Kudu, ya sako Brahimi da Djabou da Slimani, kafin a je hutu suna da uku. Aka tashi 4 da 2, karon farko da wata ƙasar Afirka ta ci ƙwallo huɗu a wasa ɗaya a Kofin Duniya. Kunnen doki 1 da 1 da Rasha ta Fabio Capello ya kai Aljeriya zagaye na biyu karon farko a tarihinta.

Ranar 30 ga Yunin 2014 duk wanda ke bin ƙwallo a ƙasar Hausa ya tuna ta. Farkon azumi ne. Da yamma Faransa ta fitar da Najeriya 2 da nema, muka sha ruwa da ɓacin rai, sai bayan asham aka koma gidajen kallo don Aljeriya da Jamus. Akwai tsohon bashi a tsakani: a 1982 Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma 2 da 1, sannan Jamus da Ostiriya suka buga wasan haɗin baki a Gijon wanda ya fitar da ita, a gasar nan da Vahid ya kalla daga benci. Kafin wasan 'yan jarida sun dame shi da tambayar ko yaransa za su yi azumi, ya ce wannan tsakanin mutum ne da addininsa, in aka sake tambaya zai tashi. A fili kuma ya sake sauya mutum biyar, ya sa masu sabon jini. Ya lura cewa 'yan bayan Jamus suna hawowa har tsakiyar fili kuma Mertesacker ba shi da gudu, sai ya sa ana jefa wa Slimani da Soudani dogayen ƙwallaye a bayansu. Abin da ya sa duniya ta ga Manuel Neuer yana fitowa daga da'irarsa yana share ƙwallo kamar mai tsaron baya ke nan. Ba don ado ya yi ba, dole ce ta sa. Aka soke ƙwallon Slimani saboda satar gida, gola Rais M'Bolhi ya yi ta kaɗe na Jamus har aka ba shi gwarzon wasa. Minti 90 ba ci. Schurrle ya ci a farkon ƙarin lokaci, Ozil ya ƙara, Djabou ya rage ɗaya. Jamus ɗin nan ce bayan kwana takwas ta zura wa Brazil bakwai. Vahid ya rungumi yaransa yana hawaye. Shugaba Bouteflika da kansa ya nemi ya zauna, ya ƙi, yana mai cewa ba zai manta da cin mutuncin da wasu jaridu suka yi masa da iyalinsa ba. Duk wanda ya ce maka mutumin nan ba koci ba ne, ka ce ya nemi wannan wasan ya kalla daga farko.

Japan ta ɗauke shi a Maris na 2015. Bosniyawa suna da farin jini a can saboda Ivica Osim, wanda ya horar da tawagar a 2006 da 2007 kuma suke girmamawa kamar malami. Amma Osim mai wasan taɓa-ka-ba-ni ne, irin wanda Japanawa ke so. Vahid ya zo yana cewa wannan ƙwallon ba za ta kai su ko'ina ba a gaban Turawa, sai an koyi karo gaba da gaba da kai hari kai tsaye. Ya riƙa auna kitsen jikin 'yan wasa yana faɗa a fili, a ƙasar da ba a kunyata mutum a gaban jama'a. A wasan da ya ba su tikitin Kofin Duniya na Rasha, da Ostireliya a Saitama ranar 31 ga Agustan 2017, ya bar Honda da Kagawa da Okazaki a benci, matasa biyu, Asano da Ideguchi, suka ci 2 da nema. Ta fuskar dabara ya yi daidai. Amma daga nan sakamako ya lalace: Koriya ta Kudu ta ci su 4 da 1 a Tokyo, suka yi 1 da 1 da Mali, Yukren ta doke su. Ranar 9 ga Afrilun 2018, saura wata biyu, shugaban hukuma Kozo Tashima ya sanar da korarsa, ya ce amana da fahimtar juna tsakaninsa da 'yan wasa sun yi rauni. Vahid ya kai ƙara kotu yana neman a ba shi haƙuri da diyyar yen ɗaya tak, don a san ba kuɗi yake nema ba. Akira Nishino, wanda ya gaje shi, ya dawo da manyan, ya doke Kolombiya, ya wuce Senegal da ƙarancin katin gargaɗi, sannan Beljiyam ta farke ƙwallo biyu ta ci ta uku a sakan na ƙarshe, da irin saurin juyawar da Vahid ya yi shekara uku yana gargaɗinsu a kai. Shi ya sa na ce laifin rabawa ne. Ganinsa daidai ne, bakinsa ne bai iya isar da shi ba, su kuma sun jira har lokaci ya ƙure.

Wani abu da ke rushe zancen cewa ba shi da zuciya ya faru a Nantes, inda ya koma a Oktoban 2018 ya tarar da ita a kusa da ƙasan tebur. Ɗan gabansu Emiliano Sala, mai lamba tara kamar shi, ya farfaɗo a hannunsa har ya kai ƙwallo 12 kafin tsakiyar kaka, Cardiff ta saye shi. Ranar 21 ga Janairun 2019 ƙaramin jirgin da ke ɗauke da shi ya faɗa teku. A wasan da ya biyo baya da Saint-Etienne aka tsayar da wasa a minti na tara, kyamara ta nuna tsohon nan yana kuka kamar wanda ya rasa ɗan cikinsa.

Sai Maroko, daga Agustan 2019, bayan Herve Renard. A share fagen Katar ya ci wasa shida cikin shida a rukuni, har da ruɗanin da suka shiga lokacin da juyin mulkin Gini na 5 ga Satumban 2021 ya rutsa da tawagar a otel a Konakiri. A Maris na 2022 suka yi 1 da 1 da Kwango a Kinshasa, suka ci 4 da 1 a Kasablanka, a daren da Gana ta hana Najeriya tikiti a Abuja. Da wannan ya zama koci na farko da ya samo wa ƙasashe huɗu daban-daban gurbin Kofin Duniya. Kuma masu cewa shi ya yi noman suna da hujja. Bounou a raga, Hakimi, Saiss da Aguerd a baya, Amrabat da Amallah a tsakiya, Boufal da En-Nesyri a gaba, duk tawagarsa ce. Azzedine Ounahi, wanda a Katar ya sa kocin Sifaniya tambayar daga ina yaron nan ya fito, Vahid ne ya fara kiransa, ba a daɗe da ɗauko shi daga rukuni na uku na Faransa ba.

Amma rikicin Hakim Ziyech shi ya ja shi ya kuma ƙi saki. Ya zarge shi a bainar jama'a da ƙaryar rauni don guje wa wasan sada zumunta a Yunin 2021, ya bar shi da Noussair Mazraoui a gida lokacin Kofin Afirka na Kamaru, inda Masar ta fitar da su 2 da 1 a zagayen 'yan takwas a Yawunde. Hukunta ɗan wasa haƙƙin koci ne, ban ga laifi a nan ba. Laifin shi ne ya rufe ƙofa ya jefar da makulli, yana maimaita wa 'yan jarida cewa ba zai kira shi ba, har Ziyech ya sanar a Fabrairun 2022 cewa ya bar tawagar. Hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa ya tashi daga gyara ya koma gaba. Ya bar shugaban hukuma Fouzi Lekjaa da zaɓi tsakanin koci mai shekara 69 da ɗan wasan Chelsea da dukan filin wasa ke kiran sunansa. Ranar 11 ga Agusta aka rabu.

Walid Regragui, wanda ya gaje shi, bai rushe ginin ba. Tsaron bayan da saurin juyawar da suka fitar da Sifaniya da Fotugal suna da kama da abin da Vahid ya saba yi tun Lille. Abin da ya ƙara shi ne wanda Vahid ba zai iya ba: ya dawo da Ziyech ya sa shi yana komowa baya yana tare kamar kowa, ya bari iyayen 'yan wasa suka zo Doha, ya yi magana da haihuwar Holand da haihuwar Faransa da haihuwar Kasablanka kowa da harshen da yake ji. Ziyech ya bayar da ƙwallo ta biyu a wasan Beljiyam, ya ci ta farko a wasan Kanada. Ban yarda tawagar nan za ta kai wasan kusa da na ƙarshe da wannan gabar a cikinta ba. Regragui kuwa ya zo ne daga Wydad, babbar abokiyar hamayyar Raja a birni ɗaya, wata uku bayan ya ɗaukar mata kofin zakarun Afirka, kofin da Vahid ya ɗaukar wa Raja a 1997.